Wayar da kai na yini guda: me ɗaliban kimiyya ke bari a Wurno, Rabah da Goronyo?

Duk wanda ya yi zaman jami'a a ƙasar nan ya san abin da ake kira makon ƙungiya. Ɗaliban sashe ɗaya za su yi karo-karo, su buga riguna masu tambari, su roƙi motar makaranta, su zaɓi wani gari ko wata sakandare, su tafi "wayar da kan al'umma". A fara da gaisuwa a fadar hakimi, a rataya ƙyalle mai sunan ƙungiya, a yi lacca, a auna hawan jini da sukari in akwai 'yan likitanci a tawagar, a raba sabulu ko littattafan rubutu, a yi hoto. Kafin la'asar mota ta juyo gida, da dare kuma hotuna sun hau Facebook.

Maganarmu a yau a kan irin wannan fita ce idan masu yin ta ɗaliban ilimin halittu ne: 'yan bayokemistiri, maikurobayoloji, aikin gona, likitancin dabbobi, gwaje-gwajen asibiti, da duk mai taɓa abin da ake kira injiniyancin halittu, wato amfani da sanin yadda rayayyun abubuwa ke aiki don a ƙera wani abin amfani, kamar iri mai jure wa tsutsa, ko allurar rigakafi, ko na'urar gano cuta. Za mu auna ta da garuruwa uku na gabashin jihar Sakkwato, Wurno da Rabah da Goronyo, domin suna kusa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma matsalolinsu na yau da gobe suna nan cikin manhajar da ɗaliban ke karantawa.

Tun farko a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Yawancin waɗannan ɗalibai daga aljihunsu suke kashewa, babu mai ba su maki a kai. Yarinyar sakandare da ta ga 'yar'uwarta Bahaushiya sanye da farar riga tana bayanin ƙwayoyin cuta ta ga abin da littafi ba zai nuna mata ba. Wannan riba ce ta gaske. Amma tsarin yini guda yana da wani aibi da kyakkyawar niyya ba ta gyara shi: yana koya wa mutane cewa kimiyya magana ce da baƙi ke zuwa da ita, a saurara a yarda. Alhali gundarin kimiyya shi ne gwaji da kwatance, a yi abu iri biyu a jira a ga wanne ya fi. Shi kuwa jira ba ya yiwuwa tsakanin hantsi da la'asar.

Gulbi ɗaya ya haɗa mu

Gulbin Rima yana ratsa Goronyo da Wurno, ya wuce ta gefen mazaunin dindindin na jami'ar, sannan ya haɗu da gulbin Sakkwato wanda ya biyo ta Rabah. An kammala dam ɗin Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992, yana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. A Wurno akwai dam ɗin Lugu da filayen noman rani. Fadama tana ba da shinkafa, albasa, tafarnuwa da alkama, tudu kuma gero, dawa da wake. A watan Satumba na 2010 ambaliyar Rima ta cinye ƙauyuka a wannan yanki, kuma ruwan nan dai shi ya yanke hanyar da ta haɗa jami'ar da cikin garin Sakkwato. Wato ɗalibi da manomin Goronyo maƙwabtan gulbi ne.

To ku dubi tambayoyin ilimin halittu da irin wannan ƙasa ke haifarwa. Ruwa kwantacce yana tara dodon-koɗi, dodon-koɗi yana rainon tsargiya. Wake yana fama da tsutsa a gona, ya fama da ƙwaro a buhu. Albasa tana ruɓewa a ajiya kafin farashi ya tashi. Kowace daga cikinsu tana da kalandarta, wata makonni, wata watanni. Ziyarar da ba ta bi wannan kalanda ba, labarin abin kawai za ta bayar.

Darasin buhu mai leda biyu

Akwai misali na kusa da ya nuna yadda ake kai kimiyya ƙauye ta zauna. Ƙwaron wake yana sa ƙwansa a bayan ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shiga ciki, ta ci ta girma, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro ta bar rami. Sabon ƙwaro ya sake sa ƙwai. Cikin 'yan watanni buhu ya zama gari da ƙaiƙayi. Shi ya sa 'yan kasuwa ke zuba wa wake magani, har da fiya-fiya, kuma saboda ragowar irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015.

Buhun PICS ya samo asali ne daga aikin Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Babu magani ko ɗigo. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shaƙe iskar oksijin ɗin da ta rage, in ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Daga 2007 aka fara yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Masu bincike irin su Ibrahim Baoua a Maraɗi sun yi aiki a kansa, ana kuma ƙera shi a Kano.

Abin da ya dame mu a nan shi ne yadda aka koyar da shi. Malamin gona zai zo ƙauye da kaka, wasu manoma su kawo waken kansu, a zuba a ɗaure a gaban jama'a. Buhun a ƙauyen yake zama, a hannun masu shi. Malami ya riƙa leƙowa. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake tara mutane a yi bikin buɗe buhu, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya duba, ya kwatanta da waken da aka ajiye yadda aka saba. Ba a nemi kowa ya yarda da Purdue ba. Gani ya kori ji.

Ɗalibai za su iya yin irin wannan da kuɗin da bai kai na buga riguna ba. Gorar roba biyu sun isa: a cika kowace da busasshen wake daga buhu ɗaya, a toshe ɗaya ƙam, ɗayar a rufe bakinta da ƙyalle yadda iska za ta shiga. A bar su a hannun malamin kimiyya na wata sakandare. Duk wata 'yan aji su ƙirga ƙwaya ɗari daga gorar mai ƙyalle, su rubuta nawa ne masu rami. Ta toshen kuwa kada a taɓa ta sai ranar ƙarshe, don buɗewa na shigar da sabuwar iska ta ɓata gwajin. A fara a Nuwamba, a buɗe a Maris. Yaron da ya yi wannan ya koyi abin kwatance, ya koyi ƙirga da rubutawa, ya koyi dalilin da ya sa dole waken ya fito daga buhu ɗaya. Lacca goma ba za ta ba shi wannan ba.

Haka albasa. A nan ma dai ɗalibi ya yi hattara, don manomin Wurno ya fi shi sanin albasa nesa ba kusa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ɗalibi zai ƙara shi ne lissafi. Manoma sukan saɓa a kan lokacin da ya kamata a yanke ban-ruwa kafin cira, da tsawon kwanakin da za a bar wuyan albasa ya bushe kafin a kai ta rudu. A ware ɗari-ɗari ta kowace hanya, a ajiye wuri ɗaya, duk mako biyu a ƙirga ruɓaɓɓu. Tambayar tasu ce, amsar ma a rudunsu za ta fito.

Tsargiya: nunawa daban, gwajin cuta daban

Babu abin da ke jan taro a irin wannan fita kamar madubin ganin ƙananan halittu. Kuma a yankin dam da fadama babu abin da ya fi cancanta a nuna kamar tsargiya. Mai cutar yana fitar da ƙwan tsutsa a fitsari. In fitsarin ya shiga ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya nemi wani irin dodon-koɗi na ruwa mai suna Bulinus ya shiga jikinsa. Bayan mako huɗu zuwa shida sai dodon-koɗin ya fara sakin dubban 'yan tsutsotsi masu wutsiya, su kuma su huda fatar mai wanka, mai wanki, mai su ko mai dashen shinkafa. A jikin mutum su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwansu mai ƙaya a gindi shi ke yaga bangonta, jini ya biyo fitsari. In abin ya daɗe yana iya taɓa ƙoda, yana iya kai wa ga sankarar mafitsara, a mata kuma yana raunata al'aura da mahaifa. A wurare da dama har yau ana ɗaukar fitsarin jini a yaro namiji kamar alamar girma ce.

Ana iya nuna wannan zagaye a fili. A tsinto dodon-koɗin da hantsaki da safar hannu, a sa a kofin gilas mai ruwa mai tsabta, a ajiye a haske na awa ɗaya ko biyu. In yana ɗauke da cutar, za a ga 'yan ɗigo-ɗigo suna motsi a ruwan, da gilashin ƙara girma har wutsiyarsu za a gani. Sharaɗi dai kada ruwan ya taɓa fatar kowa. Wanda ya ga wannan da idonsa ya gane me ya sa yaron da ya sha magani bara ya sake fitsarin jini bana: maganin firazikwantel da ake rabawa a makarantu yana kashe manyan tsutsotsin da ke jiki, amma ba ya hana sababbi shiga in yaro ya koma ruwan.

Inda ake zamewa shi ne idan nuni ya rikiɗe ya zama gwajin cuta. Ɗauki Foldscope, madubin takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, suka bayyana shi a 2014. Kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, yana ƙara girman abu sau 140, kuma ƙwan tsargiya, mai tsawon kusan kashi ɗaya cikin bakwai na milimita, yana fitowa a cikinsa. Kayan koyarwa ne mai kyau ƙwarai. Amma da aka gwada shi a Ghana, a binciken da aka wallafa a 2015, cikin kowane mutum 100 da madubin asibiti ya tabbatar suna da tsargiya, kimanin 56 kawai ya gano. Ɗalibin da ya leƙa ya ce wa uba "ɗanka lafiya lau" yana iya mayar da mai cuta gida da kwanciyar hankalin ƙarya.

Ko da madubin asibiti aka zo da shi, tambaya tana nan: in an ga ƙwai, sai me? Wa zai ba da magani, wa zai auna tsayin yaron don a san adadin ƙwayar da zai sha, wa zai duba shi bayan wata? Tawagar da ta karɓi fitsarin yara ba tare da ta shirya da asibitin garin da jami'in kula da irin waɗannan cututtuka na ƙaramar hukuma ba, ta gano cuta ne ta tafi ta bar mutane da ita. Haka zancen yake ga hawan jini da sukari: awo ɗaya a cikin rana da hayaniya ba ya tabbatar da ciwo, kuma ce wa dattijo "jininka ya hau" ba tare da takardar zuwa asibiti ba tsoro kawai aka ƙara masa.

Waken SAMPEA 20-T da nauyin kalmomi

Ga ɗalibin injiniyancin halittu, tambayar da ba zai tsere mata ba a kowane dandali ita ce ta irin GMO. A watan Disamba na 2019 aka amince da sakin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta samar a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An sa masa umarnin gado guda daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis, wanda ke sa shukar ta yi wani furotin da ke lalata cikin tsutsar Maruca, mai cin fure da huda kwanson wake. A Janairun 2024 masarar TELA ta biyo baya daga cibiyar. A shekarar ce kuma muhawara ta yi zafi har Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike a kan irin GMO.

Ɗalibai sukan faɗa ɗaya daga rami biyu. Wasu su kauce wa zancen gaba ɗaya. Wasu su zama 'yan talla, su ce waken "ba ya buƙatar feshi". Wannan ba gaskiya ba ne, kuma masu irin ma ba su faɗi haka ba. Abin da suka ce shi ne feshi zai ragu daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu, domin furotin ɗin Maruca yake kashewa. Darɓa da ƙwarin da ke tsotsar kwanso suna nan, ƙwaron buhu ma yana nan. Manomin da aka ce masa ya ajiye famfon feshi, ya ajiye, ƙwari suka cinye masa gona, ba zai sake sauraron ɗan jami'a ba, kuma da gaskiyarsa.

Akwai tambayoyin da manomi ke yi waɗanda suke da amsa madaidaiciya, in ɗalibi ya shirya. Zan iya ajiye iri in shuka baɗi? Wake yana barbarar kansa ne, don haka 'ya'yansa suna gadon halinsa. Masarar TELA kuwa haɗin iyaye biyu ce, in aka maimaita irinta amfani yana raguwa, kamar kowace masarar haɗi da aka saba saya tun kafin GMO. Tsutsar za ta iya sabawa da shi? E, tana iya yi, an ga haka a audugar Indiya da masarar Afirka ta Kudu, shi ya sa ake buƙatar sa ido. Wa ke da iko da irin, nawa za a sayar, ina za a samu na gaske? Waɗannan tambayoyi ne na kasuwa da siyasa, kuma halal ne a yi su. Wanda ya kira mai yin su jahili ya riga ya fāɗi.

Sai kuma harshe. Mun saba cewa "an sauya ƙwayoyin halittarsa". Ku saurari jimlar da kunnen dattijo a Rabah: an sauya halitta. Kalmar tana da nauyi a zuciyar musulmi, kafin ka kai ga bayanin furotin ya riga ya yanke hukunci. "Ƙwaya" kuma ita ce ta magani, ita ce ta maye, ita ce ta cuta, ita ce ta hatsi. "Iri" shi ne na shuka, shi ne kuma zuri'a, don haka jita-jitar "kashe iri" take samun gindin zama cikin sauƙi. Wasu ɗalibai sukan gudu zuwa misalin mangwaro mai aure, su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: a aure reshe ake ɗorawa a kan gindi, kowanne da gadonsa, a nan kuwa umarni aka ƙara a cikin gadon kansa. Misalin da ya sauƙaƙa magana ta hanyar ɓoye bambanci, ranar da aka gano shi amana ce za ta tafi. Gara a faɗi abin yadda yake da Hausar garin, a ce ga abin da aka ɗauko, ga inda aka ɗauko shi, ga abin da yake yi, ga abin da ba ya yi.

Sannan a koma ga gwaji. SAMPEA 20-T daga SAMPEA 10 aka gina shi, don haka fegi biyu kusa da juna, shuka rana ɗaya, feshi iri ɗaya, a gonar makaranta ko ta manomin da ya yarda, za su amsa tambayar fiye da kowane bayani. A ƙirga kwanso masu huji, a auna abin da aka girbe. In sabon bai fi ba a wannan gona a wannan shekara, a rubuta haka, a faɗa wa mutane haka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amana ba ta zuwa a mota

Mutanen arewa suna da dalilin yin ɗari-ɗari da baƙo mai farar riga. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003 zuwa 2004. Mutanen bakin gulbin Sakkwato kuma suna da nasu tarihin: dam ɗin Bakolori ya rage ambaliyar da fadamun ƙasa da shi suka dogara da ita, kuma a Afrilun 1980 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu.

Abin da ya gyara zancen shan-inna aiki ne na shekaru. Daga 2009 sarakunan arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka shiga aikin, hakimai da masu unguwanni da matan da aka ɗauka daga cikin unguwanni suka riƙa bi gida-gida, zagaye bayan zagaye, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta daji a ranar 25 ga Agusta 2020. Fuskokin da aka sani ne suka yi ta komawa.

Tawagar yini guda akasin haka take. Ba a san su ba, ba za a sake ganinsu ba, kuma abin da ya fi fitowa fili a aikinsu shi ne hoto. A nan ma akwai magana. Yaron da aka ɗauka riƙe da kwalbar fitsari mai jini, ko tsohuwar da ake auna wa jini, wa ya nemi izininsu kafin a sa su a intanet? Izinin hakimi na shiga gari ne, bai zama izinin uba a kan ɗansa ba. Duk abin da ya kai ga karɓar jini ko fitsari, ko rubuta bayanan lafiyar mutane, ya kamata ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike, ko da sunansa wayar da kai.

Uzurin da ake bayarwa, da abin da Wurno ta riga ta sani

Za a ce komawa sau da yawa yana da wuya, kuma haka ne. Tsaro ya taɓarɓare a gabashin Sakkwato: an kai hari ƙauyukan gundumar Gandi ta Rabah a Yulin 2018, an kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, a shekarar ce kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Babu malamin kirki da zai tura ɗalibai inda ba a tabbatar da lafiyar hanya ba. Kalandar jami'a ma ba ta da tabbas, yajin aikin 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Kuɗin mota kuma kowa ya san yadda yake.

Amma duk waɗannan dalilai suna nuna raunin tsarin da ya dogara da motar baƙi ne. Kuma Wurno ta san wani tsarin tun ƙarni na 19. A nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan aka binne shi a 1837, kuma cikin rubuce-rubucensa akwai na magani, har da wanda ya yi a kan basir. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Daga kowane ƙauye akan sami dattijuwa amintacciya, jaji, a naɗa mata malfa da jan rawani, ta jagoranci mata zuwa wurin Nana, su koyi karatu cikin waƙoƙin da ke da sauƙin haddacewa, su koma su koyar a gida, su sake dawowa. Mai kai ilimin 'yar garin ce, da harshen garin, kuma tana nan bayan an watse.

Jami'a tana da jajinta in ta so. Akwai 'yan asalin Wurno, Rabah da Goronyo a cikin ɗalibanta, waɗanda ke komawa gida kowane hutu ba tare da motar ƙungiya ba, suna jin Sakkwatanci, wasu da Fulatanci, an san iyayensu. Akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi a Wurno, akwai kwalejin 'yan mata ta gwamnati a Rabah, akwai malaman kimiyya a sakandarori da ma'aikatan lafiya a asibitocin gari. Kwana biyu na horar da waɗannan a Sakkwato, a ba su gorar wake, madubi da littafin rubuta sakamako, ya fi tasiri a kan kai mutum hamsin su yini su dawo. Ɗalibai mata kuma su ne za su iya shiga gidaje, inda ake ajiyar wake da wankan yara, inda laccar dandali ba ta kaiwa.

Nauyin gyaran nan yana kan malamai da sassa fiye da ɗalibai. Muddin wayar da kai abin makon ƙungiya ne, to shugabannin ƙungiya na shekara guda za su yi abin da zai fito a hoto kafin wa'adinsu ya ƙare. In sashe ya ɗauki gari ɗaya na shekara uku, ya sa malami guda ya riƙe littafin, ya yarda ɗalibin ajin ƙarshe ya yi furojet ɗinsa a kan ƙirgar albasa ko dodon-koɗi, ya kuma wajabta a mayar wa garin sakamakon da Hausa, aikin zai wuce daga aji zuwa aji.

Rahoton irin wannan fita yakan ƙare da adadin mutanen da suka halarta. Sassan da ke sa hannu a kan takardar neman mota suna iya neman wasu amsoshin daban: wace tambaya mutanen garin suka kawo, wane gwaji aka bari kuma a hannun wa, mutum nawa aka tura asibiti kuma nawa suka isa, wace rana za a koma. Ƙungiyar da ke shirin fita a bana tana iya farawa da ta ƙarshen. Wake yana shiga buhu a Nuwamba, albasar rani tana shiga rudu wajen Maris da Afrilu. A sa ranar fita a ɗaya daga cikinsu, a kuma sanar da ranar buɗewa tun a gaban hakimi, kafin a ɗaure bakin buhun.